Yadda Ake Auna Hawan Jinin Dattijo a Gida

Sayi na'urar da ake ɗaurawa a dantse, domin ta wuyan hannu takan yi kuskure. Dubi girman maɗaurin tukuna: matsattse yana ƙara lamba.

Kada dattijo ya ci goro ko ya sha shayi rabin awa kafin awo. Ya yi fitsari, ya zauna minti 5 a jingine, ƙafafu a ƙasa, ban da hira. Ɗaura maɗaurin kan fata, santimita 2 sama da gwiwar hannu, hannun bisa tebur daidai zuciya.

Auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, da safe kafin magani da kuma yamma, har kwana 7, kana rubutawa. In matsakaicin ya kai 135/85, nuna wa likita. In ya haura 180/120 da ciwon ƙirji ko karkacewar baki, sai asibiti nan take.