Yadda ake dama kunun Quaker Oats ya yi kauri daidai

'Yan uwa, ma'aunin da ya fi dacewa shi ne kofi 1 na oats da kofi 2 na ruwa, da ɗan gishiri. Idan ruwan ya tafasa, a zuba, a rage wuta, a riƙa juyawa na kimanin minti 5 don kada ya kama gindin tukunya. Abin da na fi so a kiyaye shi ne a sauke shi da ɗan ruwa-ruwa, domin yana ƙara kauri yayin da yake hucewa, musamman a hunturun Jos, inda kunu kan sandare kafin yara su gama shirin makaranta. Idan kaurin ya yi yawa, a sassauta shi da madara mai ɗumi.