Kwana goma a Sarandib: yadda za ka tsara zagayen Siri Lanka

Muna yara a makarantar dare, malaminmu in ya zo ƙissar Annabi Adamu yakan ce an saukar da shi ne a kan wani dutse a Sarandib. Na daɗe ina ɗaukar Sarandib kamar wani birni na tatsuniya, sai da na girma na gane ashe tsibirin Siri Lanka ne, can kudu da Indiya. Na je na yi kwana goma, kuma ga yadda zan tsara maka tafiyar in kai ma za ka.

Fara da watan tafiya, don shi ke yanke komai. Damina biyu gare su. Daga Mayu zuwa Satumba ruwa yana dukan kudu maso yamma da tsaunuka, lokacin sai a nufi gabas, wajen Trincomalee. Hanyar da zan ba ka ta Disamba zuwa Maris ce. Maganar biza ka gama ta tun kana gida, kada ka ce sai ka sauka, kuma katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfo. Ni ta Doha na bi. Agogonsu ya wuce na Najeriya da awa huɗu da rabi, saboda haka ka gyara lissafin sallah da na kiran gida.

Kuskuren da na yi shi ne duba taswira. Tsibirin ƙarami ne a ido, sai na rubuta garuruwa tara. Ashe hanyoyin tsauni murɗaɗɗu ne, kilomita 100 sai ta cinye maka awa uku ko huɗu. Zaɓi zango biyar ko shida, ka ba kowanne haƙƙinsa.

Kolombo kwana ɗaya ta isa. Shiga kasuwar Pettah, wadda za ta tuna maka da Kwari ranar da aka sauke kaya, ka yi azahar a Jan Masallaci, Jami Ul-Alfar, wanda aka gama a 1909 da zanen ja da fari. Musulmi kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙasar, don haka abincin halal ba ya wuyar samu a manyan garuruwa. Nemi kottu: gurasarsu ce ake daddatsawa a kan faranti mai zafi da ƙwai da nama. Adaidaita sahunsu tuk-tuk suke ce masa. Kira shi ta manhajar PickMe, ko ku gama ciniki kafin ka ɗora ƙafa.

Daga nan sai Sigiriya, dutse guda mai tsayin kusan mita 180 wanda Sarki Kashyapa ya gina fada a kansa cikin ƙarni na 5. Matakala wajen 1,200 ce, kuɗin shigar baƙo bai gaza dala 30 ba. Isa ƙofa da sassafe, kafin rana da layi. In aljihu ya yi nauyin tashi, dutsen Pidurangala na kusa da shi ya fi araha, kuma daga kansa ne ake ganin Sigiriya sosai. A garin Kandy kwana ɗaya kawai na yi. Wanda zai shiga wurin ibadar mabiya Buda sai ya tuɓe takalmi da hula, ya rufe kafaɗa da gwiwa, kuma ba a juya wa gunkinsu baya don ɗaukar hoto. Suna ɗaukar wannan da zafi, har ’yan sanda kan shiga.

Yanzu ga abin da ya kai ni. Hau jirgin ƙasa zuwa Hatton, daga can mota ta kai ka ƙauyen Nallathanniya, gindin dutsen nan da malaminmu yake faɗa. Su Sri Pada suke kiransa. Tsayinsa mita 2,243, matakalarsa ta haura 5,000. Lokacin hawa yana farawa da cikar watan Disamba, ya ƙare da cikar watan Mayu. A tsakanin nan ana kunna fitilu tun daga ƙasa har ƙololuwa, kuma masu shayi suna buɗe rumfunansu duk dare. Kauce wa ƙarshen mako da ranar cikar wata, wadda suke kira Poya, don jama’a kan cushe matakalar har mutum ya yi awanni a tsaye.

Ci abinci da wuri ka kwanta bayan isha’i, ka tashi ƙarfe biyu na dare. Ɗauki ruwa, da rigar sanyi mai kauri, da wata rigar ciki ta canji, don za ka jiƙe da gumi sannan iskar sama ta same ka. Ni da jallabiya na fara, kafin rabin hanya na naɗe ta a kugu. Sa wando da takalmi mai kama ƙasa. Awa uku da rabi na yi. Wajen ƙarshe matakalar ta miƙe tsaye, ina riƙe da ƙarfe ina haki, wata tsohuwa ba takalmi ta wuce ni tana waƙar addininta, jikokinta na biye. Kunya ce ta ƙarasa da ni. Yi alwala tun a rumfar shayi ta ƙarshe, ka sami gefe ƙasa da ƙololuwa ka yi asuba, don saman cike yake kuma wurin ibadar wasu ne.

Kada ka sa ran ganin sawun ƙafa a fili. Yana cikin ɗan ɗaki, a lulluɓe. Mabiya Buda na cewa na Buda ne, Hindu na cewa na abin bautarsu Shiba ne, Musulmi kuma suka ce na Annabi Adamu. Labarin ba a Alƙur’ani yake ba, na masu ƙissa ne, ni ma kallo ya kai ni. Amma Ibn Battuta ya hau dutsen nan a 1344, ya ambaci sarƙoƙin da ake kamawa da hanyoyi biyu, ta Baba da ta Mama, wato Adamu da Hauwa’u. Idan rana ta ɓullo, juya yamma: inuwar dutsen za ta kwanta a kan hazo mai kusurwa uku, kamar an zana da ma’auni. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Kada ka sa komai a jadawalin washegari sai zama.

Zaman kuwa a jirgin ƙasa za ka yi shi, daga Hatton zuwa Haputale ko Ella, cikin gonakin shayi. Sayi tikitin kujera da wuri, kuma ka tambaya ko layin na aiki, don zaftarewar ƙasa kan rufe shi. Sunan da muke kira a teburin mai shayi kullum, nan ya kafu: Thomas Lipton ya sayi gonaki a yankin a 1890, kuma masana’antar Dambatenne kusa da Haputale tana nuna wa baƙi yadda ake shanya ganye, a murza, a gasa. Saya wa mutanen gida tsaraba a nan.

Kwana biyun ƙarshe ka gangara kudu. In kana son giwaye, tsaya a gandun Udawalawe da asuba. Sai Galle, ganuwar da Turawan Fotugal suka fara, na Holan suka ƙwace a 1640 suka faɗaɗa. A cikinta akwai farin masallacin Meeran, wanda daga nesa za ka rantse coci ne. Zauna kan ganuwar da kwakwar thambili mai ruwan lemo har a kira magariba. Masu tallan duwatsu masu daraja za su biyo ka da yaƙutu a tafin hannu. In ba sana’arka ba ce, yi musu godiya ka wuce. Babbar hanya ta haɗa Galle da filin jirgin Katunayake, awa biyu da ɗan wani abu, saboda haka ba sai ka sake kwana a Kolombo ba.