Yadda ake karanta tarihin tsohuwar gonar ƴan Tampiliye

Ɗalibin tarihi daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da karatu ya kai shi Faransa bai kamata ya dawo gida ba tare da ya ga ɗaya daga cikin gidajen gonar ƴan Tampiliye, wata tsohuwar ƙungiyar mayaƙan Kirista, ba. Mafi sauƙin zuwa shi ne na Coulommiers, kimanin kilomita 60 gabas da Paris, kuma jirgin ƙasa daga tashar Gare de l'Est yana kaiwa garin.

Kafin ka tashi, riƙe shekaru uku a ka. An kafa ƙungiyar a Ƙudus wajajen 1119, mayaƙa ne masu zaman ibada a zamanin yaƙin Salibiyya. A 1307 Sarki Philippe IV ya sa aka kama su, a 1312 kuma Paparoma Clément V ya rushe ƙungiyar, dukiyarta ta koma hannun ƴan Hospitaliye, wata ƙungiyar mayaƙa masu zaman ibada irinta. Saboda haka kusan kowane gini da za ka gani yana ɗauke da aikin ƙungiyoyi biyu.

Idan ka shiga, kada ka nemi ganuwar yaƙi, domin wurin gona ne kafin komai, kuma a zamanin ƴan Tampiliye amfanin da ake samu a nan shi ke ciyar da mayaƙansu da ke Gabas ta Tsakiya. Tsaya a tsakar gida ka duba yadda gine-ginen suka kewaye filin: ɗakin ibada, gidan shugaba, babban rumbu inda a da ake tara ushirin hatsi, sai ɗakin tantabaru. A ganina wannan na ƙarshe ya fi cancantar a daɗe a kansa. Ramukan da ke jere a bangonsa sheƙoƙi ne, kashin tantabarun taki ne mai daraja, kuma yawan ramukan yakan nuna faɗin ƙasar da mai gidan ya mallaka.

A ɗakin ibada ka ɗaga kai ka dubi bakunan ƙofofi da tagogi, kamar yadda magini ke duba bakan gizon soro. Baka mai zagaye salon da ya riga zuwa ne, mai tsini a sama kuwa na baya ne. Inda launin dutse ko girmansa ya sauya a tsakiyar bango, galibi gyara ne na wani zamani daban, sai ka zana shi a littafinka.

Ka bincika ranakun buɗewa tun kafin ka sayi tikiti, don suna canzawa tsakanin lokacin sanyi da na zafi.