Rimot Ɗaya Ya Kunna Talabijin, Dikoda da Sifika

A gidajenmu na Sakkwato rimot uku ne a falo, biyu kuma kullum yara sun jefa ƙarƙashin kujera.

Da farko haɗa dikoda da talabijin da wayar HDMI. Tsohuwar wayar nan mai kai ja, fari da rawaya ba ta wannan aiki, kada ka wahalar da kanka. Sifika kuwa, in mai amfani da HDMI ce, ramin HDMI na talabijin da aka rubuta ARC za ka soka wayarta.

Sai ka shiga saitin talabijin ka kunna CEC, wato tsarin da ke sa na'urorin da aka haɗa da HDMI su bi umarnin rimot ɗaya. Nan ake rikicewa, don kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony. Kunna shi a dikoda ma, in tana da shi.

Yanzu kashe talabijin, sauran masu CEC za su bi. In an ɗauke wuta suka daina jituwa, zare su daga soket na minti 1, ka mayar.