Kurakuran da ake yawan yi wajen lissafin gudun intanet, Mbps da MB/s

Wani abokina mai shagon buga takardu ya kira ni rannan yana ta bambami wai an cuce shi, ya biya kuɗin layin da aka ce masa gudunsa 20 ne amma in yana sauke fayil 2 da 'yan kai yake gani. Na ce malam karanto min haruffan da ke bayan lambar tukunna, ya ce MB/s. To nan gizo ke saƙar, ba wanda ya taɓa masa ko sisi.

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma wallahi har masu gyaran kwamfuta suna faɗawa ciki. Ƙaramin b bit yake nufi, babban B kuma bayit, bit 8 ne ke yin bayit 1. Kamfanonin sadarwa da bit suke sayar da gudu shi ya sa kake ganin Mbps, wato megabit a daƙiƙa, a tallarsu, haka ma in ka gwada da Speedtest ko fast.com Mbps za su nuna maka, amma Chrome da manhajojin sauke fayil irin su IDM in suna sauke kaya da bayit suke lissafi, wato MB/s, megabayit a daƙiƙa. Gyaran kawai ka raba da 8. 20 Mbps ta zama 2.5 MB/s, 10 Mbps ta zama 1.25, 100 ta zama 12.5. In kuma daga MB/s za ka koma Mbps sai ka ninka sau 8, kar ka juya su, na ga wanda ya raba inda ya kamata ya ninka ya fito da amsar da ko zamanin 2G ta fi ta.

Sai masu tsammanin lallai sai sun ga 12.5 ɗin nan cif. Ba za ka gani ba. Duk ƙunshin bayanan da ke tafiya a waya yana ɗauke da adireshi da sauran bayanan hanya, kamar dai ka auna buhun masara, ai har nauyin buhun kansa ya shiga sikeli. A kebul ɗin Ethernet wajen kashi 5 cikin 100 a nan yake tafiya, sai ka ga layin 100 yana ba ka 11 da wani abu, a wifi ma abin ya fi haka zubewa. Ni dai in lissafin baki ne da 10 nake rabawa, ya fi sauƙi kuma mutum ba ya sa rai da yawa.

Na uku shi ne 1024 da wasu suka haddace tun ajin kwamfuta suna cusa ta ko'ina. A gudun sadarwa babu ita, 1 kbps bit 1,000 ne a daƙiƙa, 1 Mbps miliyan ɗaya daidai, 1 Gbps kuma 1,000 Mbps. Ita 1024 ta ɓangaren ma'ajiya ce, Windows har gobe da ita yake nuna girman fayil, shi ya sa ma hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, a 1998 ta fito da KiB da MiB da GiB a matsayin sunayen masu 1024 don a raba gardama, sai dai mutane ba su wani kama su ba. Abin da ke ƙara rikita ɗalibai shi ne layin kamfanonin tarho da ake kira E1 mai 2.048 Mbps, suna ganin 2048 sai su ce ai ga 1024 sau biyu nan. A'a fa, layuka ne masu 64 kbps guda 32, galibinsu na murya, 64,000 sau 32 ya ba ka 2,048,000, kama ce kawai ta zo ɗaya. Ita kanta 64 ɗin daga ɗaukar murya sau 8,000 a daƙiƙa ta fito, kowace ɗauka bit 8.

Akwai kuma masu haɗa data da gudu, za ka ji mutum ya ce na sayi 10GB amma netwok ba ya sauri. GB yawan ruwan jarka ne, Mbps ƙarfin zubar famfo, sayen jarka goma ba ya ƙara wa famfo ƙarfi. Inda suka haɗu shi ne lokaci. Fayil mai 1GB megabit 8,000 kenan, a layin 10 Mbps daƙiƙa 800, minti 13 da ɗoriya. Bidiyon da ke jan 5 Mbps kuwa in ka kalle shi awa ɗaya, 5 sau 3,600 ka raba da 8, 2,250MB sun tafi, sai a wayi gari ana cewa an sace data alhali kallon ƙwallo ne ya cinye ta.

Shi abokin nawa da na gama masa lissafin shiru ya yi, can sai ya ce to shi yanzu layin 200 zai saya. Na ce ka fara duba bayan rautarka, in ramin kebul ɗinta an rubuta 10/100 ne to ko nawa ka biya ba za ta wuce 100 ba, sai ka nemo mai gigabit tukunna.