Idan Wayarka Ta Ƙara Awa Ɗaya Alhali Kana Nima

Ina gyaran waya a Circle, cikin birnin Accra, kuma duk ƙarshen Maris sai an kawo mini wayar da lafiyarta lau. A azumin 2024 wata Hajiya maƙwabciyarmu a unguwar Nima ta same ni ranta a ɓace, ta ce, "Malam, wayar nan ta tashe ni sahur ƙarfe biyu da rabi, ni kuwa uku da rabi na saka." Ɗanta ne ya aiko mata wayar daga Ingila, tana nan a kan lokacin Landan.

Mu a Ghana ba ma taɓa agogo, GMT muke bi shekara duka. Ingila kuwa tana tura nata gaba da awa ɗaya ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, ta dawo da shi Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Shi ya sa daga Nuwamba zuwa Maris lokacinmu ɗaya da Landan, ba mai lura da kuskuren. A daren 31 ga Maris, ƙarfe ɗaya na yi, wayar Hajiya ta koma biyu, ƙararrawar kuma ta bi abin da fuskar wayar ta nuna.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Shiga saiti, wajen kwanan wata da lokaci, ka kunna inda waya ke ɗaukar yankin lokaci da kanta daga layi. In ta ƙi, zaɓi Accra da hannunka. Abin da nake roƙon mutane su daina shi ne mayar da awar baya da hannu a bar Landan a ciki. Za ta yi daidai har Oktoba, sannan ta sake kaucewa. Duba manhajar lokutan salla ma, wasu suna da nasu saitin daban.

Agogon gefen gado da aka kawo daga waje, in yana da maɓallin DST, wato na ƙara awa ɗayar nan, kashe shi.

Mai ɗan'uwa a Bronx ta birnin New York kuma ya saka New York cikin agogon duniya na wayarsa. Amurka tana canzawa Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadin farko ta Nuwamba, tazararmu da New York ta koma awa huɗu a maimakon biyar, sannan ta dawo. Ni kafin in kira yayana can, wannan agogon nake fara kallo.