Kada ka haddace kalmar Turanci ita kaɗai

Yawancin masu zuwa darasin Turancin da nake bayarwa bayan Magariba a unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, ba rashin kalmomi ne ke damunsu ba. Mai sayar da waya a kasuwar Circle ya san kalmomin Turanci fiye da yadda yake zato, haka ma yarinyar da ke shirin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare. Wajen jera su ne gizo ke saƙar. Mutum ya san ma'anar "discuss" sarai, amma da ya buɗe baki sai ka ji "let us discuss about the price", alhali wannan aikatau ba ya yarda wata kalma ta shiga tsakaninsa da abin da ake tattaunawa. "Discuss the price", shi ke nan.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka. Kana cewa na saya, na sayi goro, na saye shi, na saya wa Hajiya, na sayar da shi. Aikatau ɗaya ne, amma abin da ke biye da shi ne ke sauya masa kama, kuma ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka. Turanci ma kowace kalma tana da abin da take jawowa a bayanta, sai dai shi ba a cikinsa ka tashi ba, don haka dole ka bi shi da biro.

Ka sami littafin rubutu ɗaya, irin na 'yan makaranta, ka keɓe shi don wannan aiki kawai. Duk kalmar da za ka shigar, ka shigar da ita tare da abin da ke bin ta. Maimakon "depend", rubuta "depend on somebody". Maimakon "interested", rubuta "interested in something". A ƙarƙashi ka sa jimlarka ta kanka, a kan sana'arka ko gidanku, kada ka kwafo ta littafi. Wani tela a ajinmu ya rubuta "my work depends on the light", kuma har yau ban ji ya sake cewa "depend of" ba, don duk ranar da aka ɗauke wuta jimlar na dawo masa.

Inda na fi ɓata lokaci da ɗalibai shi ne idan aikatau biyu suka haɗu. Wasu na farkon suna son na biyu ya zo da "to" a gabansa: want, decide, hope, agree, refuse, promise. "I decided to travel." Wasu kuwa sai na biyun ya ƙare da "-ing": enjoy, finish, avoid, mind, keep, suggest. "I finished sewing", ba "I finished to sew" ba. Za ka lura da yawa daga cikin masu "to" suna magana ne a kan abin da bai faru ba tukuna, buri ko niyya ko alkawari. Wannan yana taimakawa, amma kada ka ɗauke shi doka, don "avoid" ma a kan abin da bai faru ba ne, ga shi kuma yana ɗaukar "-ing". Ka raba shafi biyu, kowane rukuni gefensa, kana ƙarawa a hankali.

Akwai 'yan kaɗan masu ɗaukar duka biyun, amma ma'ana ta sauya. "The driver stopped eating", direban trotro, wato ƙaramar motar haya, ya daina cin abinci. "The driver stopped to eat", ya tsayar da mota don ya ci abinci, fasinjoji kuwa sai haƙuri. Haka "remember to lock the shop", tuni ne ake yi maka kafin ka tashi, "I remember locking the shop" kuwa kana tuna cewa ka riga ka kulle. Sai "make" da "let", waɗanda ba sa son "to" sam: "she made me wait", "let him go". Amma idan ka juya jimlar "make" ta koma kan wanda aka yi wa, "to" ɗin ya dawo: "I was made to wait". Kada ka tambaye ni dalili. Rubuta shi yadda yake ka wuce.

Wasu kurakuran daga Hausa muke ɗauko su, kuma waɗannan sun fi sauƙin magani idan ka gane tushensu. Muna cewa ara mini biro, muna kuma cewa na ari biro a wurinsa. Ranta mini kuɗi, na ranci kuɗi. Tushe ɗaya ke yin aikin mai bayarwa da mai karɓa, shi ya sa "borrow me fifty cedis" ke fitowa ba wahala. Turanci ya raba su: mai bayarwa "lend somebody something", mai karɓa "borrow something from somebody". Haka faɗa mini, gaya mini, bayyana mini, duk da mini muke yi. A Turanci "tell me" ya zauna daidai, amma "say" da "explain" sai da "to": "explain it to me", "what did he say to you".

Ƙananan kalmomin nan, in, on, at, to, of, for, ba su da wata dabara sai sabo: listen to, wait for, good at, afraid of, married to. Abin da ya fi kama mutane ma shi ne cusa su inda ba a buƙata. Ka duba wasiƙun da ake kai wa ofisoshi, za ka ga "I am requesting for leave". Idan "request" aikatau ne, kai tsaye yake tafiya: "I am requesting leave". Idan suna ne, a nan "for" ke shigowa: "a request for leave". Su "enter", "reach", "emphasise" duk kai tsaye suke. Sunayen da ba a yi musu jam'i kuwa, irin su advice, information, furniture, equipment, luggage, shafi ɗaya ya ishe su.

Ƙamus da za ka yi aiki da shi ya zama na masu koyo, kamar Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda ake iya dubawa kyauta a intanet. Asalinsa aikin A. S. Hornby ne, Baturen Ingila da ya koyar da Turanci a Japan, kuma Oxford ta fara buga shi a 1948. An gina shi ne don nuna yadda kalma ke zama a jimla. Mutane kan karanta ma'ana su rufe. Kai ka sauka ƙasa, inda za ka ga "sb" da "sth" a wasu bugun, wato wani mutum da wani abu. Layin nan shi ne abin da za ka kwafa. Idan ka ga harafin U ko kalmar "uncountable" kusa da suna, kada ka sa masa "s".

Sai kiwo. Ka ɗauki jaridar Daily Graphic, ko da tsohuwa ce, ka zaɓi labari ɗaya gajere, ka ja layi ƙarƙashin kowane aikatau tare da kalma biyu ko uku da ke bayansa. Za ka tsinci "accused him of stealing", "prevented them from entering", "urged the youth to register". Labaran Joy FM da Citi FM ma suna da amfani, musamman wanda ake karantawa daga takarda. Shirin da ake bugo waya kuwa, ka saurara don nishaɗi.

Ni ba na cikin masu raina Turancin titi. Wanda ya ce maka "I'm coming" yana fita, ina zuwa ɗinmu ne ya faɗa, kuma duk Accra an gane shi. A kasuwar Makola ba wanda zai hana ka ciniki don ka ce "I am having two shops". Amma mai duba takardar WAEC zai ja maka jan biro, don "have" na mallaka, da "know", da "belong", ba sa ɗaukar "-ing" a irin wannan jimla. Jami'o'inmu kuma suna neman aƙalla C6 a Turanci kafin su ba ka gurbin digiri. Ka san wanne kake yi, da wa kuma kake yi.

Kowace Juma'a ka rufe littafin, ka ba wani ya riƙa kiran kalmomin, kai kana cika sauran da baki, da ƙarfi. Ya ce "insist", ka ce "insist on paying". Wadda ka yi tuntuɓe a kanta, ka sa mata alama ta dawo mako mai zuwa. Kuma kafin ka aika kowace wasiƙar neman aiki, ka duba layin ƙarshe: "I look forward to hearing from you" ne, da "-ing", domin "to" ɗin nan irin na "listen to" ne, ba irin na "want to" ba.